Dalilin da Ya Sa Gara Take Barin Fuskar Katako

Dalilin da ya sa gara take cinye katako ta ciki, ta bar fuskarsa sumul kamar ba a yi komai ba, tsohuwar magana ce, kuma ba ta da daɗin ji ƙwarai. Amma tun da kun ga yadda yatsa yake nutsewa cikin ƙyaure mai kyan gani, ya kamata ku san wanda ya jawo mana. Ku gyara zama. Kada kowa ya jingina da komai.

A zamanin da, ba haka Gara take ci ba. A fili take cin abincinta, kamar akuya a bakin hanya. In ta sami itace, daga waje take farawa, tana gaigayarsa a hankali, kowa yana gani. In mai itacen ya zo ya ce, "Ke, wannan nawa ne," sai ta ce, "Ayya, ban sani ba," ta kwashe 'ya'yanta su koma kan wani. Ba mai tsoronta. Har gaisawa ake yi da ita.

To, a wani ƙauye da ke gindin dutse an yi wani kafinta mai suna Tunau. Dogo ne, siriri, maganarsa kaɗan ce, kuma ba a taɓa ganinsa yana sauri ba. Sauran masu aikin itace na lokacin gizago kawai suka sani. Su sassaƙa kujera, su bar ta da sawun gizago tudu da kwari, a zauna a kai shekara da shekaru, ba wanda ya mutu. Shi kuwa Tunau, sawun gizago yana hana shi cin tuwo. Saboda haka ya sa maƙeri ya buga masa wani ƙarfe mai faɗi, ya dasa shi a karkace cikin guntun ƙirya mai miƙaƙƙen ciki, bakin ƙarfen ya ɗan leƙo ta ƙasa. Wannan shi ne magoginsa, da shi yake bin katako har ya yi santsi.

Itacen rimi ya fi so. Rimi ba shi da nauyi, yana kuma da taushi, amma taushin nan shi ne wahalarsa. In ƙarfe bai kai kaifin aska ba, rimi ba ya yankuwa, tattakewa yake yi, ya tashi da gashi-gashi kamar tsohon bargo. Yana kuma da kwanciya irin ta gashin akuya. In ka bi ta inda ya kwanta sai ya yi luf, in ka taso masa sai ya yage. Tunau ya san duk wannan. Yakan wasa ƙarfensa a dutse, ya gwada shi a damtsensa na hagu, shi ya sa damtsen ba gashi ko ɗaya. Sai ya ɗora magogi a wannan kai na katako, ya tura shi zuwa wancan kai da numfashi guda, sassaƙe siriri ya fito yana nannaɗewa ya faɗi ƙasa. Daga nan ya rufe ido, ya bi wurin da babban yatsa. In yatsa ya ji wani abu, ya sake.

Surin Gara yana bayan rumfar da Tunau yake aiki. Kullum da la'asar takan fito da 'ya'yanta su cinye sassaƙen da ya zube, su bar rumfa fes. Ba a taɓa zama an yi magana a kan wannan ba. Shi ba ya shara, ita ba ta zuwa jeji, kowa ya huta.

Matar Tunau kuwa, Hakama, a kan gadon kara take kwana. Tun ranar da ta tare a gidan ya yi mata alkawarin gadon katako. 'Ya'yansu suka girma, suka kama nasu gidajen, gado bai zo ba. Ba mantawa ya yi ba, aikin mutane ne ba ya ƙarewa a hannun mutumin da yake goge ƙyaure ɗaya har wata ya mutu wani ya tsaya. Yanzu ga tsufa ya zo, ƙugunta yana ciwo, kuma damina tana tsananta shi.

Wata safiya ta kawo masa kunu a rumfa, ta tsaya tana dafe da ƙugu.

"Maigida, jiya na ga ƙyauren da ka yi wa akurkin Sarkin Noma. Kaji sun dace."

"Rimi ne," in ji Tunau. "Ya sha guga."

"Na gani. Har na so in roƙi zakaran ya ɗan matsa mini."

Tunau ya sha kununsa, ya ajiye ludayi. Ya ce, "Kafin ruwan farko ya sauka za ki kwanta a gadon katako."

"Wace shekarar?"

"Wannan."

"Allah Ya nuna mana," in ji Hakama, ta ɗauki ƙwaryarta.

Ran nan Tunau ya mayar wa mutane aikinsu, ya fito da katakon rimin da ya daɗe yana ɓoyo, busasshe, fari tas. Ya fara guga.

Da aikin ya tafi lafiya, ba don wani ƙaramin abu ba. Hakama, da ƙugu ya hana ta zuwa neman ƙirare, ta ɗebi sassaƙe ta gwada a murhu. Wuta ta kama nan take. Daga ranar, da zarar Tunau ya tashi cin abinci, sai ta zo da tsintsiya da kwando ta kwashe duka.

Gara ta fito da la'asar ta tarar da rumfa fes, ba ita ta share ba. 'Ya'ya suna kukan yunwa. Ta duba nan, ta duba can, ta ga katako a jingine. Suka hau suka ci, a fili, yadda suka saba.

Da safe Tunau ya rufe ido ya bi katako da yatsa, yatsa ya faɗa kwari. Ya buɗe ido ya ga hanya ta ratsa fuskar katako daga sama har ƙasa. Da la'asar ya jira Gara.

"Maƙwabciya, wannan nawa ne."

"Ayya, ban sani ba," in ji Gara. Ta kwashe 'ya'yanta suka koma kan na kusa da shi.

"Wannan ma nawa ne."

"Wancan fa?"

"Duk nawa ne."

Gara ta dubi 'ya'yanta. Can ta ce, "Malam Tunau, yaran nan da rimi aka yaye su. Kai ka saba musu. Na kai su kan ƙirya, sun dawo suna riƙe da baki. Ya zan yi da su?"

Tunau ya juya. Ya shiga gida ya ce wa Hakama ko za ta riƙa barin sassaƙen.

"In bar wa ƙwaro makamashi, ni in tafi jeji da wannan ƙugun? Maigida, ita ka aura ko ni?"

Tunau ya koma rumfa.

Haka aka yi ta yi. Gara ta ci da la'asar, Tunau ya goge da safe. Amma ku lura, yara, guga ba ta cike rami. Abin da take yi shi ne ta rage katakon duka har ya sauko daidai da ramin. Kowace safiya katako yana ƙara santsi, yana ƙara sirancewa. Tunau ya auna kaurinsa da yatsu, ya ga in aka ci gaba haka faifai zai ba Hakama, ba gado ba. Ga shi ba sauran busasshen rimi, ɗanye kuwa sai ya shekara kafin ya yi aiki. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ga gajimare ya fara haɗuwa.

Sai ya wanke hannu, ya sa hularsa, ya zaga bayan rumfa, ya yi sallama a bakin suri.

Gara ta fito. Suka gaisa, ya tambayi yara, ta tambayi ƙugun Hakama. Sannan ya ce ya zo ne a raba gari, kowa ya san nasa.

"Madalla," in ji Gara. "Ni ma abin yana damuna. Kowane katako a raba shi biyu, kai rabi, ni rabi."

"Rabin gado ba gado ba ne."

"Gaskiyarka. To, ga wata. Cikin katakon nan ka ware mini guda, mu cinye shi ƙurmus, sauran ba za mu ko shinshina ba. Duk aikin da za ka yi nan gaba, haka."

Wannan magana ce mai kyau, kuma da Tunau ya karɓa, da yau ba mu zauna muna wannan zance ba. Ya koma rumfa don ya zaɓi wanda zai bayar. Ya shafa na farko, ya ga a nan ne ya fi shan wuya wajen wani ƙulli. Ya shafa na biyu, ya ga ya fi na farko kyau. Ya bi su duka, ya dawo hannu wofi.

"Ba wanda zan iya bayarwa. Duk na goge su."

"To, me kake so, maƙwabci?"

A kan hanyarsa ta dawowa wata dabara ta riga ta faɗo masa. Ya san Gara daga waje take fara ci. In an hana ta waje, ta ina za ta kai ciki? Ya ga ya sami hanyar da zai ba ta komai, ba tare da ta sami komai ba. Tunau ba macuci ba ne, amma ran nan ya ji daɗin kansa.

Ya ce, "Fuska nake so. Duk inda magogina ya bi, kada haƙorinki ya bi."

"Inda bai bi ba fa?"

"Naki ne."

"Har ciki?"

"Ciki ba aikina ba ne. Ban taɓa ganinsa ba. Wanda ya yi rimi shi ya yi cikinsa."

Gara ta jinjina maganar. Ta ce, "Na ji. Amma ni ba na son rigima daga baya. Fuskar nan, ina ta tsaya? A nuna mini kaurinta, in nuna wa yara. Na dai san sassaƙenka, na ci shi shekara da shekaru. Wani lokaci yakan kai kaurin ɓawon gyaɗa."

Ba da wata manufa ta faɗa ba. Amma Tunau ya ji kamar an mare shi a kasuwa.

"Ɓawon gyaɗa? Nawa?"

"Wani lokaci, na ce."

"Jira ni."

Ya je ya ɗauko magogi da dutsen wasawa da guntun rimi. Ya zauna a bakin suri ya wasa ƙarfe har ya daina ƙara a kan dutse. Ya mayar da shi, ya ɗan bubbuga, ya kanne ido ɗaya ya duba bakin, ya sake bubbugawa har bakin ya kusa ɓacewa. Sannan ya ja numfashi ya tura. Abin da ya fito bai faɗi ƙasa ba, iska ce ta riƙe shi tana juyawa. Tunau ya tara hannu ya karɓe shi, ya ɗaga shi sama, rana ta ratso ta cikinsa. Ya fi ɓawon albasa siranta. Duk rayuwarsa bai taɓa fitar da irinsa ba.

"Iyakar hannuna ke nan," in ji shi.

Gara ta zagaya shi, ta duba. "Ka tabbata? In ka ce kaurin yatsa, ni zan yarda. Ko yatsa biyu."

"Kaurin yatsa aikin gizago ne."

"To, shi ke nan. Tsakanina da kai, da 'ya'yana da 'ya'yanka, har abin da suka haifa. A kira shaida."

Tunau ya ƙwala wa Hakama kira. Ta leƙo ta kan danga da muciya a hannu.

"Me ake shaidawa?"

"Maganar gado ce, uwargida."

"In dai gado ne, na shaida," in ji ta, ta koma kan tukunyarta.

Gara ta ɗauki sassaƙen ta shige suri da shi. Tun daga ranar ba a ƙara ganinta a fili ba.

Tunau ya gama guga cikin kwanciyar rai. Ya haɗa gado, ƙafa huɗu da makari, ya kai shi ɗakin Hakama, ya ajiye shi a ƙasa. Washegari ruwan farko ya sauka. Hakama ta hau ta kwanta, ta juya dama, ta juya hagu, ba abin da ya soke ta. Ran nan da man shanu aka ci tuwo.

Daminar nan ta yi wa gidan daɗi. Ƙugu ya lafa. Matan unguwa suna zuwa gaisuwar da ba dalili, don dai su shafa makarin gado. Kowace safiya Tunau yakan shiga ya rufe ido, ya bi gadon da yatsa daga kai har ƙafa. Sumul. Wani lokaci, in gida ya yi tsit, yakan ji wani ɗan sauti kamar yayyafi a nesa. Ya leƙa waje, ya ga gari garau, ya ce ko kunnensa ne ya fara tsufa.

Wata rana Hakama tana shara, ta janye gadon da hannu ɗaya.

"Maigida, gadon nan kullum ƙara sauƙi yake yi."

"Rimi ne," in ji Tunau. "Bushewa yake."

Kaka ta yi, aka shigo da hatsi. Ran nan da azahar Hakama ta gama sussuka, ta shiga ɗaki ta ɗan miƙe. Gadon bai yi ƙara irin ta itacen da ya karye ba. Wata 'yar ajiyar zuciya kawai ya yi, sai ga Hakama a ƙasa, ƙura ta tashi, wasu fararen abubuwa kamar busasshen ganye suna sauka a kanta a hankali.

Ta daɗe a kwance tana kallon rufin ɗaki.

"Maigida."

"Na'am."

"Zo ka ga aikinka. Har yanzu da santsi."

Tunau ya shigo ya tashe ta, ya zaunar da ita a bakin ƙofa. Ya tattara gadon duka ya zuba a kwando, kwandon bai cika ba. Ya ɗauke shi da yatsu biyu ya nufi suri. Wannan karon bai sa hula ba.

Gara ta fito, ta yi ƙiba har da ƙyar ƙofar surin ta sake ta. Ta fara gaisuwa, ya katse ta.

"Kin ci amana."

"Subhanallahi. A ina?"

Ya juye kwandon a gabanta.

"Malam Tunau, zauna ka duba. In ka sami sawun haƙori ɗaya a inda magoginka ya bi, yau zan kwashe yara mu bar ƙasar nan, ba za a ƙara jin sunanmu ba."

Tunau ya zauna. Ya ɗauki ɓallin farko, ya rufe ido, ya bi shi da yatsa. Ya ajiye, ya ɗauki na biyu. Haka ya yi ta yi har inuwar suri ta miƙe ta kai danga. Da wani ne, da ya sa farce ya karce ɗaya ya ce ga shi, ba kuwa mai ƙaryata shi. Tunau ya san da haka. Amma hannunsa bai iya karce fuskar da ya goge ba.

Da ya kai na ƙarshe, sai ya juya bayansa, wajen da Gara ta ci, ya shafa nan ma. Ya ɗaga shi ya duba a rana. Kauri ɗaya ne daga wannan kai zuwa wancan, ba tudu ba kwari, daidai da sassaƙen da ya ba ta. Ya ɗauki wani ya duba, haka. Ya dubi Gara.

"Wa ya yi wannan gefen?"

"Yara ne. Na ce musu aikin Malam Tunau ne, kada su ba ni kunya."

"Aiki ya yi kyau," in ji Tunau. Bai so faɗa ba, amma gaskiya ce.

"Na gode. Za su ji daɗi."

"Ta ina kuka shiga?"

"Ta ƙarƙashin ƙafafun gadon, inda suka taka ƙasa. Ba ka goge nan ba."

"Ba mai ganin nan."

"Mu muna gani," in ji Gara.

Sai ya roƙe ta a sake zama, ya ce yanzu ya yarda da katako guda da ta nema da farko. Gara ta ce ita da son ranta ne da ta yarda, don ta fi son cin abinci a sarari tana shan iska. Amma an riga an shaida, an kuma gaya wa yara, yaran sun gaya wa nasu yaran, wasu har sun yi ƙaura zuwa garuruwan da ba ta san sunansu ba. Ta ce ya gai da Hakama, ta koma ciki.

Tunau ya dawo gida ya tarar da Hakama inda ya bar ta, tana dafe da ƙugu. Ya tsaya a gabanta. Ya ce akwai wani rimi da ya gani a bakin rafi, in an sare shi bana, baɗi war haka ya bushe.

Hakama ta dube shi. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi masa sauƙi.

"Maigida, ka yi ƙoƙari. Na kwana a gadon katako damina guda, na ji yadda yake. Gobe a kira magini ya gina mini na ƙasa, mai ramin wuta a ƙarƙashi."

Aka kira magini. Ya zo ya gina wa matar kafinta gadon ƙasa, duk ƙauyen suna kallo ta kan danga. Tunau ne ya ɗebo masa ruwa.

Shi ya sa har yau ba ku ganin gara tana cin katako a fili. Ta ƙasa take shiga, ta inda ba a goge ba, ta cinye ciki tas, ta bar muku fuska siririya mai santsi, daidai kaurin da aka nuna mata. Shi ya sa kuma kafinta, komai kyan katako, ba ya yarda da idonsa, sai ya ƙwanƙwasa ya kasa kunne. Mutane suna zaginta, suna ce mata munafuka. Ba daidai ba ne. Cikin duk waɗanda suka yi alkawari a ƙauyen nan, ita kaɗai ce har gobe ba ta saɓa ba.